Gajiya daban, barci daban: yadda ƙwaƙwalwa ke yanke lokacin barci

Tambaya: Likita, ni ma'aikacin ofis ne, shekarata 34. Kusan wata 5 ke nan barci yana damuna da rana, musamman wajen ƙarfe 2, sai na sha kofi da la'asar nake iya ƙarasa aiki. In na dawo gida da yamma nakan ɗan kishingiɗa, barci ya ɗauke ni kamar na awa ɗaya. Amma da dare in na kwanta ƙarfe 10, a gajiye liƙis, sai idona ya bushe, in yi ta juyi har ƙarfe 1 ko 2. Ranakun hutu kuwa nakan kai ƙarfe 11 na safe ban tashi ba. Ashe ba gajiya ce ke kawo barci ba? Me ya lalace a kaina?

Amsa: Malam, sannu da fama. Wanda bai taɓa kwana yana kallon rufin ɗaki ba, alhali gobe da sassafe aiki na jiransa, ba zai san nauyin abin da ka faɗa ba. Bari in fara da ƙarshen tambayarka, domin na san shi ya fi tsaya maka a rai. Daga bayaninka ban ga alamar wani abu ya lalace a kanka ba. Abin da na gani shi ne ƙwaƙwalwa mai bin ƙa'idarta sau da ƙafa, sai dai kullum ana ba ta umarni masu karo da juna. In ka san ƙa'idar, kai da kanka za ka ga inda ɗakin yake yoyo.

Mu fara raba abubuwa biyu da baki ya saba haɗawa. Gajiya ita ce jiki ya mutu, gaɓoɓi su yi nauyi, ka ji ba ka son ko magana. Jin barci kuwa shi ne fatar ido ta yi nauyi, hamma ta riƙa zuwa a kai a kai, kai ya fara gyangyaɗi, ka karanta layi ɗaya sau uku ba ka fahimta ba. Mutum yana iya gajiya tiɓis babu ko ɗigon barci a idonsa. Ƙwaƙwalwa ba ta tambayar tsokar jiki ko ta gaji kafin ta kawo barci, tana da nata lissafin.

An daɗe ana ɗaukar barci kamar fitilar da manta ya ƙare, wato ƙarfi ya tafi sai ƙwaƙwalwa ta mutu da kanta. Wata annoba ce ta fara rusa wannan zaton. A 1917 wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Constantin von Economo, ya bayyana wani ciwon kumburin ƙwaƙwalwa da ya yaɗu a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yawancin waɗanda ya kama barci suke yi ba ji ba gani, wasu har awa 20 a rana, a tashe su su ci abinci su koma. Wasu kaɗan kuma akasin haka ya same su: a gajiye suke matuƙa, amma barci ya ƙaurace musu. Da ya binciki ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu, sai ya tarar masu yawan barcin ciwon ya ci musu wani wuri ne ta baya, inda tushen ƙwaƙwalwa ya haɗu da wani ɗan sashe da ake kira haifotalamus, su kuwa marasa barcin ta gaban haifotalamus ɗin ya ci musu. Ma'ana akwai wurin da aikinsa shi ne riƙe mutum a farke, akwai kuma wurin da aikinsa shi ne sa shi barci. Ka lura da rukuni na biyun nan da kyau: gajiya ta cika, amma da yake mai kawo barcin ya lalace, barcin bai zo ba.

Yau mun san waɗannan wurare dalla-dalla. Daga tushen ƙwaƙwalwa da bayan haifotalamus akwai ƙananan gungu na ƙwayoyin jijiya da ke fesa sinadarai zuwa saman ƙwaƙwalwa don ta zauna a faɗake: noradirenalin, serotonin, asetilkolin, dofamin da histamin. Wannan na ƙarshen kai ma ka san aikinsa ko ba ka san sunansa ba. Tsofaffin magungunan mura da ƙaiƙayi da ke sa mutum gyangyaɗi, histamin ɗin nan na ƙwaƙwalwa suke toshewa. A ɗaya ɓangaren kuma, a gaban haifotalamus, akwai wani gungu da Clifford Saper da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka nuna a 1996 cewa ƙwayoyinsa suna tashi aiki ne lokacin da dabba ke barci, suna sakin sinadarin GABA wanda ke kashe bakin masu farkarwar.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne kowane ɓangare yana danne ɗaya. In masu farkarwa suka yi ƙarfi, sai su danne mai kawo barci, wanda hakan ke ƙara musu ƙarfi. In mai kawo barci ya samu sa'a ya ɗan rinjaya, sai ya danne su, rinjayensa ya ƙaru nan take. Tsari irin wannan ba ya son tsaka-tsaki, kamar makunnin lantarki ne, ko a kunne ko a kashe. Shi ya sa ba wanda ke iya tuna daidai lokacin da barci ya kwashe shi, shi ya sa kuma aka ce barci ɓarawo ne. Akwai hikima a cikin hakan, domin dabbar da ke yawo rabi a farke rabi a barci ba za ta daɗe a daji ba.

Sai dai makunni mai saurin juyawa yana buƙatar yatsan da zai riƙe shi, in ba haka ba zai yi ta kunna kansa yana kashewa. Wannan yatsan shi ne sinadarin oreksin, wanda rukunin masana biyu a Amurka suka gano kowa daban a 1998. Shekara guda bayan haka Emmanuel Mignot na Jami'ar Stanford ya nuna cewa wasu karnuka da ke zubewa ƙasa jiki a sake in murnar abinci ta kama su, matsalarsu tana wurin karɓar oreksin ne. Daga baya aka tabbatar mutanen da ke da ciwon nakolefsi mai haɗe da irin wannan zubewar sun rasa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin da ke yin oreksin. Irin waɗannan barci kan fizge su ana tsakiyar hira, dariya mai ƙarfi kan sa gwiwarsu ta sage, da dare kuma barcinsu a gutsuttsure yake. Ina ambaton su ne domin sau da yawa ana yi musu kallon ragwaye shekara da shekaru kafin a gane ciwo ne.

To, me ke tura makunnin nan? Abubuwa biyu ne manya, kuma a nan amsar tambayarka take. Wani masani a Siwizalan, Alexander Borbély, shi ya tsara su wuri guda a 1982, kuma har yau a kan tsarinsa ake gina bayani.

Na farko bashi ne. Daga lokacin da ka buɗe ido da safe ƙwaƙwalwa ta fara rubuta maka bashin barci, kowace awa yana ƙaruwa, kuma ba abin da ke biyansa sai barcin kansa. Ɗaya daga cikin manyan alamun wannan bashi shi ne sinadarin adenosin. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na ƙona makamashi suna aiki, adenosin na taruwa a tsakaninsu kamar toka a murhu. In ya yi yawa sai ya riƙa rage wa masu farkarwa ƙarfi, yana ƙarfafa mai kawo barci. Ana ganin girman bashin a na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa: iya daɗewar mutum a farke, iya girman igiyoyi masu tafiyar hawainiya da ke bayyana a farkon barcinsa.

Kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari yana kama da adenosin a siffa, saboda haka sai ya shiga ya zauna a kujerar adenosin ɗin ba tare da ya yi aikinsa ba. Bashin yana nan, yana ma ci gaba da taruwa, takardar ce kawai aka ɓoye wa ƙwaƙwalwa. Ga kuma lissafin da mutane ba su cika yi ba: a jikin babban mutum mai lafiya, kafeyin kan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita, wasu ƙasa da haka, wasu sama. Kofin da ka sha ƙarfe 4 na yamma, rabinsa na jikinka ƙarfe 9 na dare, rubu'insa na nan har ƙarfe 2.

Da bashi ne kaɗai ke aiki, da mutum ya fi kowane lokaci wartsakewa da safe, ya yi ta lafewa har dare ba hawa ba sauka. Amma ka san ba haka abin yake ba. Wanda ya kwana bai runtsa ba yakan ji kamar zai faɗi wajen ƙarfe 4 ko 5 na asuba, amma da hantsi ya ɗaga sai ya ji ya ɗan farfaɗo, alhali bashinsa ƙaruwa ya yi. Wani abu ne dabam ya tallafe shi, shi ne abu na biyu, agogon jiki.

Agogon nan ba kwatance ba ne kawai, wuri ne da ake iya nunawa da tsinke. Gungu ne na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 a cikin haifotalamus, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, masana na taƙaita sunansa da SCN. A 1972 aka nuna cewa in aka lalata shi a ɓera, shan ruwa da motsinsa sai su watse ko'ina cikin dare da rana ba tsari. Gwajin da ya rufe bakin kowa an yi shi a 1990. Akwai wani nau'in ɓeran hamsta da aka samu da canjin halitta, ranarsa awa 20 ce maimakon 24. Martin Ralph da Michael Menaker da abokan aikinsu suka ɗauki SCN na irin wannan suka dasa wa lafiyayyen da aka cire wa nasa, sai ga shi ya koma rayuwa a kan awa 20. Agogon ya bi naman da aka dasa. A cikin kowace ƙwaya kuwa, wasu ƙwayoyin gado ne ke ƙera furotin, furotin ɗin ya taru ya koma ya tsayar da masu ƙera shi, ya narke, a sake farawa, zagaye ɗaya kusan kwana guda. Kan gano wannan a jikin ɗan ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace ne aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017.

Na ce kusan kwana guda, kuma kalmar kusan ɗin tana da muhimmanci gare ka. Binciken Charles Czeisler na 1999 ya nuna matsakaicin zagayen agogon ɗan Adam awa 24 ne da kimanin minti 11. Wato in aka bar shi, agogon yawancinmu jinkiri yake yi kaɗan kaɗan, dole a riƙa saita shi kowace rana. Mai saita shi haske ne. A bangon bayan ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman, ban da waɗanda muke gani da su, masu ɗauke da sinadarin melanofsin, an tabbatar da aikinsu a 2002. Su ba ruwansu da siffar abin da kake kallo, yawan haske kawai suke aunawa, sun fi jin mai launin shuɗi irin na sararin sama, su aika wa SCN kai tsaye. Hasken safe yana jawo agogon gaba, ka ji barci da wuri ka farka da wuri. Hasken farkon dare yana tura shi baya. Kuma ido yana ruɗin mu a kan yawan haske: ɗakin da kake ganin ya haskaka sosai bai cika wuce ma'aunin luks 500 ba, waje kuwa da rana tsaka yana haura 10,000 nesa ba kusa ba. Ma'aikacin da ya wuni a ofis sannan ya raba dare a ƙarƙashin fitila da fuskar waya, agogonsa bai ga rana sosai ba, bai kuma ga dare sosai ba. A 2013 Kenneth Wright ya kai mutum 8 zaman daji na mako guda a Kolorado, ba lantarki sai rana da wutar itace, suka dawo agogonsu ya matso gaba da kusan awa 2.

In duhu ya yi a lokacin da agogon ke tsammaninsa, sai ya ba wata 'yar halitta a tsakiyar ƙwaƙwalwa izinin sakin melatonin, kamar awa 2 kafin lokacin da mutum ya saba barci. Mutane na ɗaukar melatonin a matsayin maganin barci, amma aikinsa na asali shela ce, yana sanar da jiki cewa dare ya yi. Ɓeraye ma da dare nasu ke tashi, kuma a lokacin suke fita yawo. Tare da fitowar melatonin ɗin zafin cikin jikin mutum kan fara sauka, jijiyoyin jinin hannu da ƙafa su buɗe su fitar da zafi, ya kai ƙarshen saukarsa kamar awa 2 kafin lokacin tashi.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka karanta da natsuwa. Aikin agogon da rana shi ne tare bashi. Ka ɗauka mai bin bashi ya iso ƙofar gida tun da hantsi, yana ƙara matsawa, agogo kuma shi ne mai gadin da ke riƙe da ƙofar. Iya matsawar mai bashi, iya ƙarfin da mai gadi ke ƙarawa. Saboda haka siginar farkarwa ta agogo ba da safe ta fi ƙarfi ba, ta fi ƙarfi ne da daddare, awa 2 zuwa 3 kafin lokacin barcin da mutum ya saba, daidai lokacin da bashi ya kusa kai maƙura. Wani masani a Isra'ila, Peretz Lavie, ya gwada wannan a shekarun 1980 ta hanya mai wahala: kowane minti 20 ana ba mutum minti 7 ya gwada barci, a tashe shi na minti 13, haka dare da rana. Ya tarar akwai 'yan awanni da farkon dare da barci ke ƙin zuwa ko ga wanda bai yi barci ba a daren jiya, har ya kira su yankin da aka haramta barci. Da sun wuce kuma sai ƙofa ta buɗe farat ɗaya, barci ya riƙa zuwa cikin sauƙi. Da rana tsaka kuwa, tsakanin ƙarfe 1 da 4, akwai ɗan lokacin da bashi ya taru amma mai gadi bai gama tattara ƙarfinsa ba. Nan ne gyangyaɗinka na ƙarfe 2 ke fitowa. Abinci mai nauyi na ƙara shi, amma ko ba a ci komai ba yana zuwa, kuma ga wanda barcin darensa bai isa ba ya fi tsanani.

Mu jera ranarka a kan wannan. Ranakun hutu kana kai ƙarfe 11 a gado, saboda haka kwana biyu a kowane mako idonka ba ya ganin hasken safe, ga shi kana farke cikin haske har ƙarfe 1 ko 2. Agogonka ya ja baya, a wurinsa lokacin barci ya koma wajen ƙarfe 12 ko 1. To ina yankin da barci ke ƙin zuwa ya faɗa? Daidai ƙarfe 10, lokacin da kake hawa gado. Bashin da zai taimaka maka ya tura ƙofar kuma ka riga ka biya wani kaso mai tsoka da barcin awa ɗaya na yamma, domin barcin da aka yi bayan doguwar rana yakan zurfafa da sauri, shi ne kuma ya fi cin bashi. Ragowar bashin, kofin la'asar ya rufe wa ƙwaƙwalwa ido a kansa. Ƙofa a kulle, mai turawa ba ƙarfi. Gajiyarka gaskiya ce, amma ba ta cikin lissafin. Sai ka samu barcin awa 4 ko 5, ka tashi da magagi, ƙarfe 2 ta yi maka nauyi, ka nemi kofi, ka kishingiɗa da yamma, zagayen ya sake ɗaurewa.

Akwai abu na uku da ke shiga bayan 'yan makonni, kuma shi ne ke mayar da matsalar kwanaki ta zama ta watanni. Ƙwaƙwalwa tana da ikon take duka bashi da agogo in ta hango haɗari, shi ya sa uwar da ɗanta ke zazzaɓi kan kwana a zaune ba ta ji ba. Sassan tsoro da damuwa suna da hanya kai tsaye zuwa ga masu farkarwa da ƙwayoyin oreksin. Matsalar ita ce ba su bambanta ɓarawo a tsakar gida da tunanin "ƙarfe 12 ta yi, saura awa 6 in tashi". Duk ƙoƙarin da ka yi na tilasta barci, ƙoƙari ne, ƙoƙari kuwa aikin farke ne. Sannan ƙwaƙwalwa gwanar haɗa wuri da hali ce. Wanda ya yi wata 5 yana kwana 3 ko 4 a mako cikin juyi da takaici a gado ɗaya, gadon kansa ya zama abin da ke farkar da shi. Na sha jin masu wannan matsala suna cewa a kujera gyangyaɗi suke yi, da sun miƙe sun kwanta a gado sai barcin ya gudu. Wannan alama ce mai kyau a wurina, domin ta nuna injin barcin lafiyarsa lau.

Kafin in zo kan abin yi, kaɗan game da cikin daren kansa, don kada ka tsorata da abin da ba matsala ba. Barci zagaye-zagaye ne, kowanne kimanin minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. Barci mai zurfi ya fi yawa a farkon dare, domin shi bashi ke kira. Barcin da ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka bayyana a Shikago a 1953, kuma mafi yawan mafarkai masu tsari a cikinsa suke, ya fi yawa gab da asuba, domin shi agogo yake bi. A cikinsa tushen ƙwaƙwalwa kan aika umarni ta laka ya saki tsokar jiki gaba ɗaya, ban da ta numfashi da ta ido, don kada mutum ya tashi ya aikata mafarkinsa. In hankali ya riga jiki farkawa, sai mutum ya ji idonsa biyu amma ya kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, wani lokaci har ya ga kamar wani abu a ɗakin. Wannan shi ne dannau, yana wucewa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma ƙarancin barci da rikicewar lokacinsa na ƙara shi. Ɗan farkawa tsakanin zagaye da zagaye kuma kowa na yi, yawanci mantawa ake yi.

To me za ka yi? Ba ka da iko a kan lokacin da barci zai zo, amma kana da cikakken iko a kan lokacin tashi, kuma daga nan ake kama zaren. Ka zaɓi lokaci ɗaya, misali ƙarfe 6, ka riƙe shi kwana 7 a mako, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Na san ranakun hutu ne za su fi yi maka ciwo, amma su ne ginshiƙin gyaran. Da ka tashi ka fita waje ka samu hasken sarari na minti 20 zuwa 30, ba sai ka kalli rana ba, kuma ta bayan gilashin taga bai kai na waje ba. Kofi ya tsaya kafin ƙarfe 12 na rana. Barcin yamma ka bar shi gaba ɗaya a yanzu. In abin ya gagara, minti 20 kafin ƙarfe 3 na rana, da ƙararrawa a kusa. Awa 2 kafin kwanciya ka rage fitilu, wayar ma ka ajiye ta, ba don haskenta kaɗai ba, abin da ke cikinta ya fi hasken tayar da hankali.

Shawarar da mutane suka fi yi mini gardama a kanta ita ce wannan: ka daina kwanciya ƙarfe 10. Ka jira har ka ji barci na gaske, irin mai nauyin ido da hamma, ko da sai ƙarfe 12 ne. In ka kwanta ka ji kamar minti 20 sun wuce barci bai zo ba, tashi ka koma wani wuri mai ƙarancin haske, ka yi abu mara tayar da hankali, ka dawo in ya zo. Kada ka duba agogo. Makon farko za ka ji jiki, ba zan ɓoye maka ba, domin da gangan muke tara bashin ya yi ƙarfin tura ƙofa. In ka ga kana yin barci cikin sauri kuma kana kaiwa safe dare da yawa a jere, sai ka riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan 'yan kwanaki, har ka kai awa 7 ko fiye da babban mutum ke buƙata. Wannan hanya wani ɓangare ne na maganin gyaran tunani da ɗabi'a na rashin barci, wanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa a gaba da ƙwayoyi tun 2016. Mai farfaɗiya ko mai ciwon da ke sa yanayin rai ya riƙa hawa da sauka sosai kada ya rage lokacin barcinsa sai da sanin likitansa.

Ƙwayoyin barci irin su dayazefam suna ƙara wa GABA ƙarfi ne, su danna makunnin da ƙarfin tsiya. Ba sa saita agogo, jiki na sabawa da su, barinsu kuma kan dawo da rashin barcin fiye da da. Ina roƙonka kada ka saye su da kanka.

Ka yi hattara da tuƙi a wannan tsakanin. Binciken Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 a farke, kuzarin hannunsa da idonsa kan ragu kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini. Wani binciken na 2003 a Jami'ar Pennsylvania ya tarar waɗanda aka taƙaita wa barci zuwa awa 6 na mako 2, aikinsu ya yi ta lalacewa kullum, amma su a bakinsu cewa suke sun saba. Mai ƙarancin barci ba alƙalin kansa ba ne. In kana tuƙi ka ji ido ya fara nauyi, ka tsaya.

Rashin barcin da ya kai dare 3 a mako har wata 3, yana kuma taɓa aikin rana, ya cancanci a zauna da likita ido da ido, naka kuwa ya kai wata 5. Ka tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko kana minshari mai ƙarfi, ko numfashinka na ɗaukewa ka farka kamar an shaƙe ka, domin toshewar numfashi cikin barci na kawo irin wannan gyangyaɗin rana kuma maganinta daban ne, tana da alaƙa da hawan jini. Ka gaya wa likitan in ƙafafunka na damunka da son motsi da dare, in ranka ya daɗe a ɓace ko ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba so, da duk wani magani da kake sha. Kafin ka je, ka yi mako 2 kana rubutawa a takarda kowace safiya: lokacin da ka kwanta, lokacin da kake jin barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, lokacin da ka tashi, kofi nawa ka sha da ƙarfe nawa, da ko ka yi barcin rana. Ka tafi masa da takardar. Allah ya ba ka lafiya.